Kwatancen da Ya Kawo Malam Rugarmu

Muna aji biyar aka kawo mana sabon malamin Hausa daga Kazaure, wani gajeren mutum mai tsohon keke da ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi. Kafin zuwansa, insha'i a wurinmu hadda ce. Malami zai cika allo da "Sunana wance, abincin da na fi so shinkafa da miya", mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu juye masa abinsa. Ni da nake kwana a ruga cikin duwatsun ƙasar Roni, wadda sai da salla nake ganin shinkafa, haka na riƙa rubuta cewa ita ce cimata, ana ba ni maki.

Sabon Malam ya ce shi ba ya karɓar kayan aro. Wata ranar Alhamis ya sa kowa ya yago takarda ya rubuta kwatancen gidansu, tun daga ƙofar makaranta. Ya tattara, ya ninke, ya zuba a hularsa. Ya ce duk Asabar zai zaro guda, ya hau keke ya bi abin da aka rubuta, kuma ba zai tambayi kowa hanya ba. In ya iso ƙofar gida, an ci. In ya ɓata, an faɗi. Muka yi ta dariya, mun ɗauka wasa yake yi.

A lokacin, zamana a makaranta ya zo gangara. Ciwon ƙafa ya matsa wa Inna, ga shi ita ke ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwa, tafiya mai nisa, kuma ni ce babbar 'yarta. An riga an yanke magana a gida: da an yi hutun wannan zango, zan ajiye jaka in ɗauki ƙwarya. Baffa, mahaifina, bai ƙi boko ba, shi dai ya ce bai ga abin da ta tsinana mini ba, kullum sayen littafi da fensir, ko ɗan maraƙi bai ƙaru ba. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina.

Ana cikin haka takardata ta fito daga hula. Na wuni ranar Asabar ina leƙen hanya, babu Malam babu alamarsa. Ranar Litinin ya shigo aji yana ɗingishi, ya buɗe takardar, ya karanta da murya irin ta mai labaran rediyo.

"Ka bi hanyar da muke bi. Ka wuce inda Baffa ya kashe kububuwa. Ka ratsa ta gefen gonar Kawu, sai wurin da jar saniyarmu ta haihu. Daga nan ka zo."

Aji ya kece da dariya. Malam ya ce ya nemi kububuwar bai gani ba, ya nemi saniyar ita ma ba ta tsaya jiransa ba, ƙaya ce kawai ta same shi, ta fasa masa taya, ya dawo yana tura keke.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da haƙurin a yi mini dariya. Na miƙe, idona ya kawo ruwa, na ce, "Malam, ai kowa ya san wurin!"

"To, 'yar Fulani, ni ba na cikin kowan," in ji shi. "Mai karatu baƙo ne. Ba kya kusa da shi balle ya ce me kike nufi. Abin da ke kan takarda shi ne ɗan rakiyarsa."

Haushi ya sa na faɗi abin da ban yi niyya ba. Na ce ni dama daga wannan zangon na gama, ya riƙe makinsa. Bai tambaye ni dalili ba. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Kafin ki gama ɗin, ki kai ni gidanku."

Ran nan da fushi na koma gida, amma a hanya sai na tsinci kaina ina kallon abubuwa kamar yau na fara ganinsu. Ashe tsamiya biyu ce bayan makaranta, ni duk tsawon shekarun nan "tsamiya" kawai nake cewa. Ashe burtalin shanun da muke bi zuwa gida ya rabu a gindin wani shuri, ƙafata ce take zaɓar na arewa ba tare da ta yi shawara da ni ba. Na riƙa tsayawa ina tambayar kaina: wanda bai taɓa zuwa ba, me zai gani a nan? Abin da ke tafiya, kamar shanu da masu noma, na cire. Abin da sai 'yan gidanmu suka sani, na cire. Na bar dutse, da itace, da rijiya, da gabas da yamma. Na sake kai masa, ya bi, ya ƙare a rugar maƙwabta saboda na manta da wata 'yar ƙorama. Ya dawo yana yaba furarsu a gaban aji, har ya ce in gaishe su. Na cije, na sake zama na gyara.

Asabar ɗin da ta biyo, da hantsi, muna shanya ƙore ni da Inna sai muka ji ƙarar keke. Karnuka suka taso. Baffa ya fito da sandarsa, ya tarar da baƙo yana sallama, zufa ta jiƙa masa riga, takarda a hannu. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar gawo, aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da shanu da ruwa. Na kawo fura na durƙusa na ajiye, na koma bayan bukka na kasa kunne.

"Malam, wa ya rako ka?" in ji Baffa.

"Babu kowa, Baffa."

"Kai, Malam. Ko masu allurar shanu sai an aika yaro ya taro su a bakin titi."

"'Yarku ce ta kawo ni, tana nan gida a zaune."

Sai ya buɗe takardar ya karanta. Tsamiya ta biyu, mai kogo. Shurin da burtali ya rabu, a ɗauki na arewa. Ƙoramar da ake tsallakawa a kan faffaɗan dutse. Baffa ya riƙa gyaɗa kai a kowace gaɓa, kamar shi ma tafiyar yake yi. Da aka kai ƙarshe ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya ce, "Wallahi hanyar ke nan, ba ragi." Malam bai yi masa wa'azin ilimi ba, bai roƙi komai ba. Ya shanye furarsa, ya ce ta fi ta maƙwabta, ya ciro jan biro, ya ɗora takardar a kan cinyarsa ya rubuta maki, ya yi sallama. Har gobe ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, don ya san inda ake yin shiru.

Bayan tafiyarsa na ji Baffa da Inna suna magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ban ji abin da suka yanke ba, kuma babu wanda ya gaya mini. Hutu ya zo, na yi ta ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, na sa a raina shi ke nan.

Ranar da aka koma makaranta ta faɗo ranar kasuwa. Na tashi da sassafe na naɗa gammo, na sunkuya zan ɗauki ƙwarya. Sai Inna ta dafa ginshiƙin bukka ta miƙe da kyar, ta zare gammon daga kaina ta ɗora a nata. Na dubi ƙafarta da ta kumbura, na riƙe bakin ƙwaryar na ƙi saki, ina kuka.

"Ɗora mini," ta ce. "Ki wuce, kada Malam ya riga ki shiga aji."