Malam Maharazu da Maraƙin Mataccen Bijimi

"Ɗan wa ka ce?"

"Ɗan Jatau ne, Baffa."

"Likita, ka ji tsoron Allah. Jatau da hannuna na haƙa masa rami shekarar fari. Ko ungulu ban bari ta taɓa shi ba."

"Ban musa ba. Amma dubi goshin nan. Dubi bakin wutsiyar."

Baffa Nagoggo ya durƙusa ya duba. Maraƙin ja ne wur, da ɗigon fari a goshi, da farin gashi a bakin wutsiya, ƙafafunsa dogaye suna ta rawa don jiya-jiya ya zo duniya. Dattijon ya ja da baya har ya kifar da ƙwaryar tatsa, yana salati. Ni da na je rugar sayen nono daga makarantar firamaren da nake koyarwa a Mai'adua, wallahi tsikar jikina tashi ta yi. Na karanta littattafan al'ajabi ba iyaka, na ƙasashen Larabawa da na Turawa, amma ban taɓa zaton zan tsaya da ƙafata in ga ɗan bijimin da ya shekara huɗu a ƙasa yana laluben nonon uwarsa ba.

Mutumin da ya jawo wannan abu shi nake so in gabatar wa masu karatu, don na bincika na ga ko a Daura ba kowa ya san shi ba. Sunansa Malam Maharazu Mainasara, haifaffen Sandamu, malami a jami'a can Zariya, inda yake koyar da ilmin iri da haihuwar dabbobi. Makiyaya kuwa Likita suke ce masa.

Ɗalibansa sun shaida mini bai san ofis ba sai rana ta take. Da ya idar da sallar asuba sai garken gonar jami'a. Yana bin shanu ɗaya bayan ɗaya, yana shafa tozo, yana lura da wadda ke neman barbara, yana kiran kowace da sunan uwarta da kakarta. Daga nan ya wanke hannu ya shiga aji, wani lokaci da kashin shanu a gefen takalmi, ya yi ta zana wa samari yadda hali ke bin jini daga uwa da uba zuwa ɗa. In an yi hutu, abokan aikinsa su nufi Legas ko Ingila, shi kuwa ya ɗora wani tulun ƙarfe a bayan tsohuwar Landirobarsa ya nufo rugagen ƙasar Daura. Fiye da shekara ashirin ke nan yana wannan, tun yana ƙaramin malamin dabbobi, kafin a tura shi ƙetare ƙaro karatu.

Yanzu zamanin kuɗin mai ne. Kowa so yake a sauko masa da abu daga jirgi, siminti ne, babur ne, har shanu. Manya suna ta kafa gonaki da shanun Turai masu ba da nono kamar famfo, waɗanda zafin bazara ɗaya ke kwantarwa. Malam Maharazu bai ƙi su ba. Cewa yake yi a fara adana namu tukuna, jajayen nan masu dogon ƙaho da ke wuni suna tafiya ba ruwa su dawo da ƙafarsu. Shi ya sa, shekara guda kafin fari, ya roƙi Baffa Nagoggo aron Jatau, bijimin da duk ƙasar Mai'adua ake kawo wa karsana. Ya kai shi Zariya, ya ɗebi maniyyinsa, ya zuba a 'yan siraran bututu kamar tsinken tsintsiya, ya nutsa su a tulun nan mai wani ruwa da ya fi ƙanƙara sanyi. Sannan ya mai da bijimin ga mai shi, har da ƙiba.

Sai fari ya zo. Wanda ya ga 1973 ba ya son a tuna masa. Garken Baffa, da ƙurarsa kan rufe hanya, ya koma 'yan shanu da za a iya ɗaurewa a gindin itace ɗaya. Jatau ya faɗi a hanyar rijiya bai ƙara tashi ba.

Ga abin da ya fi girgiza ni. Injin da ke yin ruwan sanyin nan ya lalace, kayan gyaransa kuma suka maƙale a tashar jiragen ruwa, a bayan jiragen siminti. In tulun ya huce, kome ya mutu. Wani ɗalibinsa, Amadu, ya ce mini da idonsa ya ga Malam yana zuwa Legas da motarsa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tulun ɗaure a kujerar gaba kamar mara lafiya, don kawai a cika masa shi. Duk da haka yawancin bututun sun lalace. Na Jatau kaɗan suka tsira, na ƙarshensu kuma shi ya kawo rugar Baffa bara, ya ɗura wa wata saniya mai suna Fure, bayan ya tabbatar ba jinin Jatau ba ce.

Ya yi wa Baffa bayani dalla-dalla kafin ya taɓa ta. Dattijon ya gaya mini daga baya cewa dariya ya danne. A ransa shirmen 'yan boko ne, amma baƙon da ya taɓa riƙe maka amana ba a ce masa a'a a gaban garke. Da Fure ta ɗauki ciki, sai ya ɗauka wani bijimin maƙwabta ne ya same ta a kiwo. Sai da ya ga goshin nan.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari: a rugar Nagoggo mushe ya haihu. Matan da ke sayen nonon Inna Kubura, matar Baffa, suka daina. Wata ta ce mata, "Ke dai Kubura, mu ba ma shan nonon gawa." Ta riƙa komawa gida da ƙwaryarta cike. Baffa ya ce ranar kasuwa zai kai Fure da ɗanta kara, dillali ya loda su a motar Kurmi, a rabu da abin kunya.

Malam Maharazu bai yi fushi ba, bai kuma ce da kowa jahili ba. Ya bar jarrabawar ɗalibai a hannun abokin aikinsa ya dawo. Ya ɗauki tulun ya kai zauren Malam Kalilu, babban malamin da mutanen yankin ke kai wa tambaya, ya cire takalmi, ya buɗe, hayaƙin sanyi ya malalo kan buzu har Malam Kalilu ya janye ƙafa.

"Lokacin da ka ɗeba, bijimin na da rai?"

"Da ransa, Allah gafarta Malam, har ya kusa karya mini haƙarƙari."

"To, geron da ke rumbuna ma karansa ya daɗe da zama toka, kuma bana shi zan shuka. Ban ga mushe a nan ba."

Kai ne, Malam Maharazu, wanda ya yi karatu a ƙasar ƙanƙara ya dawo bai ji ƙyamar warin garke ba. Kai ne ka ga abin da za mu rasa tun muna ganin ba zai ƙare ba. Uban maruƙa, mai tulun amana! Ba a sa sunanka a rediyo ba, ba a ba ka lamba ba, ni ma da ban je sayen nono ba da har yau ban san ka ba, kuma wannan yana ba ni kunya. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa rai albarka. Ku kuma 'yan'uwana samari da ke rububin aikin kwastan da banki, don Allah wani a cikinmu ya je ya koyi abin da mutumin nan ya sani tun yana da ƙarfin koyarwa.

Amma fatawa a zaure daban, zuciyar makiyayi daban. Ranar kasuwa Baffa ya jawo Fure zuwa kara, maraƙin na biye, motar Kurmi na tsaye, Auta dillali na taɓa cinyarta. Sai ga Malam Maharazu da babbar riga, ya ratsa layin masu nono, ya zauna a ƙasa gaban Inna Kubura.

"Inna, dama mini. Na Fure nake so, kada ki haɗa da wani."

Ta dama ta miƙa masa. Kasuwa ta yi tsit, kai ka ce jira ake ya faɗi. Ya shanye, ya miƙa ƙwaryar aka ƙara. Ya juya wajen matan da suka yi cirko-cirko ya ce, "In na mutu ku shaida. In ban mutu ba, ku bar mini saura."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, ta miƙo kwanonta.

Baffa Nagoggo yana kallo daga kara. Auta ya ce, "Baffa, direba na sauri, mu gama magana." Dattijon ya daɗe yana duban maraƙin, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya fizge igiyar daga hannun Auta, ya ɗaga murya yadda har masu raƙuma suka waiwayo.

"Jama'a ku ji! Ba na sayarwa. Wannan shi ne bijimin garkena in Allah ya raya shi, kuma duk mai karsana a ƙasar nan ya kawo, ƙofata a buɗe take."