Kaset Mai Jan Zare

Ranar Talata ce, kwana tara bayan alhazai sun watse, a shekarar da na cika goma sha ɗaya. Muna hawa na huɗu na wani gini a unguwar Aziziyya cikin Makka, Mama na goge ƙasa, ni da yayana Bashir muna tattara abin da baƙi suka bari. Aikinmu ke nan duk bayan Hajji: silifa wari-wari, lema mai karyayyen ƙarfe, buta, ragowar garin kunu a leda. Tarkace namu ne, abin kirki kuma a kai wa haris, mai gadin ginin. A ƙarƙashin wata katifa Bashir ya zaro baƙin kaset da rubutun Turawa a jiki. Haris ya jujjuya shi, ya ce mu je mu ji, amma da safe a dawo masa da abinsa.

Da muka koma gida unguwar Shisha, Mama ta fita sayo burodin tamis, muka saka kaset ɗin a rikodar Baba mai baki biyu. Mun ɗauka wa'azi ne. Sai ga bugu, dum dum dum, ba sassauci, ba mawaƙi, ba kalma ko ɗaya. A kan bugun akwai wani sauti kamar ruwa na zuƙewa a magudanar wanka, ya yi ƙasa, ya murɗe, ya haura yana tsuwa. Bashir ya rantse rikodar ce ta lalace. Kafin ya rufe baki ƙafarsa ta fara motsi. Muka yi ta tsalle a kan katifa har gumi ya jiƙa mu. Wane alhaji ne ya zo ɗakin Allah da wannan a jaka? Oho. Ni dai na ƙudura ba zan rabu da shi ba, sai na kwafe.

Kaset ɗaya na sani mai sarari a gidan, yana cikin gwangwanin biskit na Mama, da jan zare ɗaure a jiki. Na Inna ne, mahaifiyar Mama, wadda aka saka mini sunanta, shi ya sa ake ce mini Ummi. Ƙauyensu a ƙasar Katsina ba waya a lokacin. Duk shekara Inna kan ɗauki muryarta a fuska ɗaya ta ba wani alhaji, Mama ta saurara shekara guda, ta ɗauki amsa a ɗaya fuskar, ta mayar ta karɓi sabo. Na ce a raina ai bayan fanko ne, in lokaci ya yi Mama ta hau kansa. Na saka, na danna jan maɓalli, ina jin kaina gwana. Ashe a juye na saka shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Mama ta zauna da farantin shinkafa tana tsinta, ta kunna Inna kamar yadda ta saba. Dum dum dum. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta kashe ba. Ta bari abin ya yi ta murɗe-murɗensa har ya ƙare, sai aka ji ƙas, sai tari, sai Inna: “...ki gaida mini takwarata, ki ce ta daina gudun abinci. To, sai Allah ya haɗa mu.” Abin da ya rage ke nan. Na jira mari, wallahi har so nake a mare ni. Mama ta dube ni kawai, ta ce, “Halas, ya wuce, Ummi. Baɗi za ta aiko wani.”

Da shekara ta zagayo alhajin ƙauyensu ya zo hannu rabbana. Tun daga ƙofa ya fara salati. Mutane sun cika ɗakinmu kwana uku, ni ina wanke kofunan shayi, ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Kamar an ɗauke mini wuta a ciki.

Daga nan kiɗan ya zama na gidanmu. Rikodar kan tauna zare in aka tura ta gaba, don haka Mama ta hana kowa taɓa wannan maɓallin. Duk Juma'a sai ta rufe taga kada maƙwabta su ce gidan Hajiya ana kiɗa, ta rage murya, ta zauna ta ji shi tun daga farko. Mace ce da ko a biki ba ta tsayawa wurin kalangu, amma ta haddace abin nan tsaf. In sautin ya haura karo na ƙarshe sai ta ajiye faranti, ta goge hannu a zani, ta matso da kunne. Shekara goma sha ana haka, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba, ban san ta inda zan fara ba.

Yanzu Mama ta rasu, kaset ɗin yana durowata, zaren ya koɗe, babu rikodar da zan saka shi. 'Yan'uwa a Katsina kullum turo murya suke ta waya, wani ma ba na buɗewa. Kwanaki ɗana yana kai ni unguwar Zahir a mota ya kunna wani abu daga wayarsa, bugu uku na gane shi. Ya ce tsohon faifai ne sananne, har yau ana rawarsa a Turai, masu kiɗa da yawa daga shi suka koya. Na ce to. Na bi shi a zuciya lungu-lungu, da ya haura karo na ƙarshe na ga ina goge hannu a abayata. Ya ƙare, yaron ya kai yatsa zai sa wani, na riƙe masa hannu na ce, “Dakata tukuna.” Muka yi shiru a cikin motar. Ba wanda ya yi tari.