Hular da na sa wa maigidana ɗan Caina

Aikin nan ya ba ni wahala, ba wani kwane-kwane. Shekarun baya ne, lokacin da soja suka koma bariki, siyasa ta dawo, kwangila ta fara yawo a gari. Na samu tuƙi a wani kamfanin 'yan Caina masu haƙa rijiyar burtsatse. Maigidana injiniya ne, gajere, ba ya dariya. Kullum bayan asuba nake taka keke daga Ƙofar Sauri zuwa gidansa a GRA, mu yini a ƙauye rana na gasa mu. Ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na tasha ne. Da hannu muke magana. Amma mutum ne. Ranar da ɗiyata ta yi zazzaɓi mai zafi, shi da kanshi ya nuna mani mota ya ce in kai ta asibiti.

To sai aka ce matarsa za ta zo daga ƙasarsu, shekara biyu rabonsu da juna. Na ce ga damar da zan rama alheri. Na je wajen wani maɗinki a Gobarau na sa ya yi mani hula ƙube, ɗinkin hannu, koriya shar. Ni a sanina babu launin da ya kai kore albarka. Shi ne shuka da damina, shi ne a tutar ƙasa, shi ake shafa wa masallaci.

Ranar da ta iso aka yi 'yar walima da rana a farfajiyar gidan. Na shiga da sallama, na ciro hular daga leda, na ɗora mashi a ka a gaban kowa. Har da ɗan karya mata gefe, don ta zauna daidai.

Wani abokin aikinsa ya fesar da shayin da ke bakinsa. Matar ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ni kuwa ina tsaye ina washe baki kamar wanda ya ci zaɓe. Maigida ya cire hular da yatsa biyu ya ajiye, ya miƙo mani tafin hannu. Na miƙa nawa mu gaisa. Sai tafintan kamfanin, wani Bahaushe da ya yi karatu a ƙasarsu, ya ce, "Malam, makullin mota yake nufi. Ba shi ka tafi gida."

'Ya'ya shida gare ni. Na hau kekena na koma gida.

Abokina mai faci ya ce, "Kai ma dai! Ka sa wa mai cin kwangilar gwamnati hular 'yan adawa?" Na ce ai masu mulkin ma akwai kore a tutarsu. Ya ce, "To sai dai in asiri ya ɗauka ka yi mashi." Maiɗakina kuwa cewa ta yi, "Malam, ko matse mashi kai ta yi?"

Bayan la'asar sai ga tafinta a babur. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara, ya zauna a dakali yana ta sosa ƙeya.

"Malam, a ƙasarsu in aka ce namiji ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa na bin maza ke nan."

Na yi salati. Na ce, "Hular ce ta faɗi haka?"

"Launin ne."

"To riga koriya fa?"

"Wannan ba komai. Hula dai."

"Me ya haɗa hula da matar mutum, don Allah?"

"Haka suka gada. Kai kuma ka rasa ranar sa mashi sai yau, a gabanta, bayan shekara biyu ba ya gida."

Na ce to bari in kai mashi fara ƙal, ya san zuciyata. Ya zabura. "Kada ka soma! Fari na makoki ne a wajensu. Ja za ka kai. Ja shi ne arziki, amaryarsu ma ja take sawa. Na yi wa maigida bayani, amma na ji ana cigiyar wani direban."

Ja fa! Ja da mahaifiyata ke tuɓe mana da zarar hadari ya taso, wai tsawa na bin shi.

Har yau, wallahi, ban gane ba. Ido iri ɗaya Allah Ya ba mu, abu guda muke kallo, ni ina ganin albarka, shi yana ganin zagi. Abin da kawai na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai ka tambaya. Yanzu ko goro zan ba baƙo, sai na ce fari yake so ko ja.

Washegari ina idar da sallah na je na tsaya a kasuwa har mai huluna ya buɗe. Na sayi jar dara, na haɗa da turmin atamfa ja da maiɗakina ba ta taɓa ɗinkawa ba. Na je ƙofar gidan na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, ban kusanci kan kowa ba. Maigida ya daɗe yana kallona. Matar ce ta karɓa, ta jujjuya darar, ta ɗora mashi da kanta. Ya fito sak dogari. Na cije leɓe, na sunkuyar da kai, har na ji ƙarar makulli ya faɗo a gabana. Na ɗauka na je na duba ruwan lagireto.