Baba Habu, Wanda Ya Yanke Igiyoyi

Shekara shida ke nan rabona da Matameye. Ina Tamanrasat ta Aljeriya, ina ɗaukar siminti a shantiye, wato wurin gini, a nan wayar matata Rabi ta same ni da hantsi. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Baban Nana, sai haƙuri. Baba Habu ya cika." Na sauke buhu, na zauna a kan bulo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Habu aminin mahaifina ne, maƙwabcinmu kuma. Ya yi aiki a ma'aikatar kiwo, yana yawon ƙauyuka daga Yauri zuwa Ɗan Barto yana yi wa dabbobi allura, har tsufa ya zaunar da shi. Ba zan ce mai daɗin baki ne ba, don shi ma ba zai so a yi masa ƙarya ba. Ranar da zan taho, ce mini ya yi, "Je ka gina wa wasu gidaje, naka yana nan yana jiran damina." Da haushinsa na hau mota. Amma da na ga abin da nake aikawa gida yana narkewa a hannun 'yan'uwana, kowa da uzurinsa, wajensa na koma. Na ce duk abin da na aiko ya saya wa Rabi dabba. Bai taɓa sayo mai tari ba. A gaban dillali yake buɗe bakin akuya ya duba haƙori, ya ce, "Wannan ta girme ni." Dabbobin nan su ne abin da shekarun nan suka bar mini. In babu su, ban san da wace fuska zan shiga gari ba.

Kowa ya san dokar damina a wajenmu. Da shuka ta fito, kowace dabba tana turke, wadda kuwa ta shiga gonar wani, mai ita ne zai biya ɓarna a gaban mai unguwa. Saboda haka in hadari ya taso, mace ba kwance akuyarta take yi ba, ƙara ƙulli take yi. Haka aka yi bana. Ruwa ya ƙi tsayawa, da safe ya taso daga kwari ya shiga unguwarmu har ƙugu. Mutane suka ɗauki yara da tsofaffi suka yi tudu, kuma daidai suka yi. Aka bar dabbobi a ɗaure suna kuka, ruwa yana hawa.

Baba Habu, da shekarunsa, ya ɗauki wuƙa ya bi gida-gida yana yanke igiya. Rabi ta ce wata tsohuwa daga kan tudu take yi masa faɗa: "Malam, gonakin mutane za su shiga. Kai za ka biya?" Ya ce, "Iya, gero zai sake fitowa baɗi. Akuyarki ba za ta sake fitowa ba." Ya kora su gaba ɗaya, ya zuba su cikin gonarsa ta kan jigawa, gero ya fara fitar da kai.

Ni a nan abin da na ji kawai shi ne katangarmu ta faɗi, yara suna lafiya, dabbobi ba labari. Daga nan waya ta daina shiga. Na gode wa Allah a kan yara, amma ba zan ɓoye ba, hankalina yana kan dabbobin a kwanakin.

Masu agaji sun zo da shinkafa da tantuna da gidan sauro. Ban ga laifinsu ba, mutum ne a gaba. Dusa da maganin dabbobi ma sun iso, sai dai bayan an gama binne mushe. Kafin nan Baba Habu ne kawai da tsohuwar jakar aikinsa. Yana wanke kofaton da ruwa ya ci da ruwan gishiri, yana ɗura wa masu kumburin ciki man gyaɗa, yana ware masu zawo gefe guda. Wani ya ce masa yawancinsu ba ma na danginsa ba ne. Ya ce, "Ciwo bai tambayi sunan mai ita ba."

Sai aka zo rabon dabbobi. Ashe da gangan ya yanke kowace igiya a tsakiya. Ya ce kowa ya koma turkensa ya kawo guntun da ya rage. Wani Alhaji mai shago ya riƙe ƙahon ragona ya ce nasa ne. Mutumin ba ɓarawo ba ne, nasa ragon ma fari ne mai baƙin wuya, kuma ya ɓace. Rabi ita kaɗai, ni ina bayan hamada, turkenmu yana ƙarƙashin katangar da ta faɗi. Har ta juya za ta tafi. Baba Habu ya ce, "Ina za ki, 'yata? Ɗauko hauya." Tare suka tona har turken ya fito, da guntun igiyar kaba cikin laka. Aka haɗa shi da na wuyan ragon, tufka ɗaya. Ta Alhaji kuwa igiyar roba ce shuɗiya. Alhaji ya ce, "To, Allah ya mayar mini da alheri." Baba Habu ya ce, "Amin, Alhaji. Saki ƙahon."

Ran nan waya ta shiga, na ji komai daga bakin Rabi. Ta miƙa masa wayar. Na ce, "Baba, gonarka fa?" Ya ce, "Ɗan Aljeriya, awakinka suna gaishe ka. Sun ce geron ya yi daɗi." Muryarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Bai gaya mini kwanon rufi ya yanke shi a ƙafa tun ranar ruwan ba. Ya wanke kofaton awakin unguwa kaf, tasa ƙafar bai duba ba sai da ta kumbura. An kai shi asibiti a Damagaram, can ya cika. Babban ɗansa ya ce mini ya sha jiki a ƙarshe, amma da kalmar shahada ya tafi. Ya huta.

Allah ya jiƙan Baba Habu, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa. Allah ya sa tausayin da ya yi wa halittun da ba su da bakin roƙo ya tarye shi. Allah ya ba Inna Hadiza, uwargidansa, da 'ya'yansa haƙuri, ya cika musu rumbun da bana bai ga dami ko ɗaya ba.

Ragon na ce Rabi ta kai wa Inna Hadiza, su sayar su sayi hatsi. Ba biya ba ne, wannan ba ya biyuwa. Ni kuma in shantiyen nan ya ƙare, gida zan nufa. Tunkiya ɗaya da 'yan awaki biyu ruwa ya tafi da su. Abin da ya tsira: awaki bakwai, tumaki huɗu, da jaki ɗaya.