Kujerar Baya a Gindin Mangwaro

Tsohuwar mota ce ja, na saye ta a Jimeta na mai da ita ta tsere. Ran Lahadi mukan haɗu da abokai a wani fili bayan gari mu gwada gudu. Kullum ina gareji a unguwar Dubeli, yau birki, gobe taya. Da bakanike ya ce nauyi ke cin gudunta, ban yi wata-wata ba na sa aka kwance kujerar baya, har da ta mai zaman banza. Na jibge su a gidanmu na Yolde Kohi.

Ana nan sai Dada, mahaifiyata, ta fito za ta asibiti a duba mata gwiwa. Ta leƙa motar, ta ga ƙarfe tsirara.

"Ina zan zauna?" ta tambaye ni.

Cikin ƙosawa na ce, "Dada, wannan ba ta ɗaukar mutane ba ce."

Ta ce to, ta dogara sandarta har bakin titi ta tari keke.

Da faɗa ta yi mini, da na huta. Sai ta sa aka jawo kujerar bayan gindin mangwaro, ta shimfiɗa mata zane. A kai take ɓarar gyaɗa, a kai take lazimi. Duk baƙon da ya shigo sai ta bubbuga ta, ta ce, "Ta motar yaron nan ce, zauna ka ji laushi."

Motar ta daɗe da mutuwa. Kujerar tana nan, kuma zaman da Dada ke yi a kanta, iyakar shigarta motata ke nan.