Ɗingishin da Tela Ya Ƙara

Tela ya tsufa a shagon nan na bakin tasha, amma ba allura ce ta sa aka san shi ba. Duk mako yakan rubuta labarin wani mutum na gaske ya aika wa jarida. Mai faci, mai shara, mai gadin banɗaki, duk sun shiga. Ka zo awo, yana zagaya maka tef yana jan ka da hira, kafin ya kai hannun riga ka amayar da cikinka. Doka ɗaya gare shi, yana taƙama da ita har ya ishi mutane: suna kawai yake cirewa, ba ya ƙara komai.

Sai labari ya faɗo cikin gida. Ƙanensa direban bas ne, idonsa na hagu ya fara mutuwa, kuma a haka yake kwasar mutane kullum. Tela ya yi faɗa, ya yi lallashi, a banza. Ya ce bari ya rubuta, ko ƙanen ya gani ya tsorata.

Matarsa ta karanta kafin ya aika. "Maigida, wannan ai kiran suna ne. Korarsa za su yi, ga 'ya'ya."

Daga nan, karon farko a rayuwarsa, ya yi ƙari: ya sa wa direban ɗingishi. Ƙanen kuwa miƙe yake tafiya kamar sanda.

Labari ya fita, tasha ta ɗauka. Ba wanda ya yi musu. Fasinja suka koma kallon ƙafar direba kafin su hau mota. Ƙanen ya karanta, ya yi dariya, ya ci gaba da lodi.

Ran nan da hantsi Tela na kan keke, sai haske ya ragu a ƙofa. Wani dattijo ne da bai taɓa gani ba, yana jan ƙafar dama, jarida a naɗe a hannunsa. Tela ya tsayar da keke.

"Kai ne mai rubutun?" in ji dattijon. "Direba ne ni, an karɓe min makulli. Na ce musu idona garau, suka ce ai Tela ba ya ƙarya." Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa. "Ba na sauri. Gama ɗinkinka, mu je ka nuna musu wanda kake nufi."

A waje ƙanen na ta danna hon. Motarsa ta cika, saura mutum ɗaya ta tashi.