Gidan Da Na Share Da Ƙafata

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan gaya muku ba a majalisa na tsinto shi ba, ni ya faru da ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya fara ɓaci kafin tsigar jikina ta tashi. Shekaru goma sha wani abu ke nan, lokacin ina jan wata tsohuwar a-kori-kura, ina kwana Dutsin-Ma, ina bin kasuwanni ina kwaso hatsi, yau Kurfi, gobe wajen Shema, jibi dajin Barkiya, duk inda buhu yake dai nan zan wuni.

Ina da ƙanwa, Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari. Tana aure a wani ƙauye can cikin Barkiya, a gidan Alhaji Sale, ɗan kasuwar hatsi mai rumfa a Kurfi. Saboda Allah mutumin ba mugu ba ne, ci da sha da sutura bai rage ta da komai ba, amma yana da wata cuta guda: ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya tafiya, sai an duba masa taurari. Mai duba masa kuwa wani siririn dattijo ne da ake ce wa Malam Na-Gabas, don duk inda ya shiga, kafin ya zauna sai ya tambaya ina ne gabas.

Rabi ta daɗe ba ta samu ciki ba, sai ga shi Allah Ya kawo. Cikin ya tsufa, damina ta yi nisa, na je ɗaukar wasu buhunan dawa a gidan, ina shiga na tarar da dattijon nan tsugune a tsakar gida, ya kafa sanda a ƙasa, ya share yashi ya zana da'ira. Na gaida su, na ce Alhaji lafiya? Ya ce ai Malam ne ke auna gidan, saboda abin da za a haifa.

Ni kuma bakina ba ya shiru, na ce to abin da bai zo duniya ba mi za a auna masa? Dattijon bai ji haushi ba, sai ya shiga yi mini karatu kamar na roƙe shi. Wai sama kamar faifai take, tana juyawa da burujai goma sha biyu, kuma tsakanin yau da gobe duk sai sun ɓullo ta gabas ɗaya bayan ɗaya. Wai lokacin da jariri ya yi kukan farko, burujin da ke leƙowa ta gabas shi ne ƙofar gidansa na farko, gidan rai. Wanda ke tsakiyar sama shi ne na goma, wanda ke faɗuwa yamma na bakwai, wanda ke ƙarƙashin ƙasa na huɗu. Waɗannan huɗun ya kira su turaku, wai su ake fara kafawa, sannan a raba tsakanin kowane biyu gida uku, a samu sha biyu: na dukiya, na 'yan'uwa, na cuta, na aure, na mutuwa, da sauransu. Ya ce abu biyu kawai yake bukata, lokaci da wuri, don gabas ɗin mutumin Kurfi ba ita ce gabas ɗin mutumin Legas ba, kuma in aka ɗan jinkirta ko aka matsa, gidajen sai su gota.

Na ce, "Malam, gaibu dai Allah kaɗai Ya san shi."

Ya ce, "Haka ne, ɗana. Ni lissafi nake."

Nan Alhaji Sale ya sanar da ni, hankalinsa kwance, cewa tun da an auna gidan, a gidan za a haihu, ba asibiti ba ko'ina. Na dube shi, na dubi Rabi da ƙafafunta suka kumbura kamar tulu, na haɗiye maganata don kada a ce na shiga tsakanin miji da mata. Amma har na bar garin ina huci.

Ba a jima ba, ranar kasuwar Kurfi, da hantsi ina lodi, wayata ta yi ƙara. Inna Kulu ce, ungozomar ƙauyen, da wayar maƙwabta ta kira. Ta ce, "Ɗan nan, in kana son ganin ƙanwarka da rai ka taho da mota. Tun jiya take naƙuda, abin ya fi ƙarfina, mai gidan kuwa ya tafi kasuwa ya ce kada a kuskura a fitar da ita." Kun ji fa! Mace tana tsakanin rai da mutuwa, shi yana can yana awon gero, ya bar doka saboda zanen yashi. Na sa aka sauke buhunan da aka fara ɗorawa, na ɗauki hanya, ruwa ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya.

Da na isa ban nemi izinin kowa ba. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka rufa tamfol, Inna Kulu ta hau ta rungume ta. Rabi ba ta iya cewa komai sai "Yaya, Yaya." Wani ƙanen Alhaji ya fito yana cewa ai an ce kada a fita, na ce masa in ya sake tsayawa gaban motar nan sai dai a yi jana'iza biyu.

Wanda ya san hanyoyin dajin nan da damina ya san abin da nake faɗi. Gero ya yi tsawo hagu da dama, hanya ta zama kunu. Mun yi nisa, ruwa ya ɗauke, rana ta fito tarwai, muka gangara wani ɗan rafi da na sha ƙetarewa ba adadi, sai tayoyin baya suka nutse cikin yashi. Na ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Na fito ina tona da hannu, ina kiran sunan Allah, ba gida kusa, ba kowa. Inna Kulu ta leƙo ta ce in bar motar haka nan, kan jariri ya taho, a nan za a haihu, in juya baya.

Ina juyawa na gan shi.

Malam Na-Gabas, tsugune a bakin rafin ƙarƙashin wata kanya, ya kafa sandarsa, ya zana da'irar nan a jiƙaƙƙen yashi, har ya ja layukan turakun. Jama'a, ruwan da aka yi ko kaza ta san an yi shi, ni kaina har cikin wando na jiƙe, amma rigar dattijon nan a bushe take ƙarau. Ba babur, ba keke, ba jaki. Kuma da muka gangaro rafin idona na kan hanya, na rantse babu kowa a wurin.

Da farko wallahi daɗi na ji, na ce Malam taimaka mu tura. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan inuwar sanda, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba don rana ba ta daɗe da gotawa daga tsaka ba. Sai ya ce, "Ai na faɗa wa Alhaji, gidansa na auna shi ne kawai don ya matsa mini lamba. Nan ne wurin." Sannan ya ɗaga murya wajen mota: "Ke tsohuwa, ki ce ta daure, kada ta yi nishi tukuna. Burujin Kunama ne a gabas, saura kaɗan ya fice na Baka ya shigo."

Kai! Ban san lokacin da na isa kansa ba. Ƙanwata tana can tana kururuwa har muryarta ta dushe, jini na bin tamfol, wani tsohon banza yana cewa ta jira tauraro! Na ce masa abin da bai kamata a faɗa wa mai furfura ba, na ce da shi da lissafinsa da wanda ya ɗauko shi Allah Ya isa, na sa ƙafa na shure zanen. Gefe ɗaya ƙafar ta samu, ta kwashe yashin wurin gaba ɗaya. Daidai nan na ji kukan jariri.

Dattijon ya sa yatsa ya ɗiga alama a bakin inuwar, sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko. Babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ash-sha. Gida na uku ka share, na 'yan'uwa da dangi na kusa. Kai ma a ciki kake."

Na ruga wajen mota don Inna Kulu na kirana in miƙo ruwa da zane. Mace aka samu. Da na waiwayo, kanya na nan, zanen yashi na nan da sawun ƙafata a ciki, amma ba mutum, ba sanda, sai ɗan ramin da aka kafa ta. Can wasu Fulani masu kiwo suka ɓullo, Allah Ya saka musu, su suka ciccibo motar.

Mun isa asibitin Kurfi, aka karɓi Rabi da gaggawa, aka ƙara mata ruwa da jini, wata ma'aikaciya ta ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ina zaune a baranda, ban kira kowa ba, ban aika kowa ba, sai ga Alhaji Sale ya faɗo kamar an jefo shi. Ina tsammanin zai tambayi matarsa. Ina! Cewa ya yi, "Kai wane irin mutum ne? Malam ya ce ɗiya ce, a rafi aka haife ta, kuma kai ka sa ƙafa ka ɓata mata gida!"

Na ce, a ina ka ga Malam ɗin? Ya ce tun safe suna tare a rumfarsa, ruwa ya tsare su, tare suka yi azahar. Wai suna zaune dattijon ya runtse ido, can ya buɗe ya faɗa masa haka.

Ban yarda ba, na tafi kasuwar da ƙafata, laka har gwiwa. Masu awo, masu ɗinkin buhu, mai shayin gefen rumfar, mutanen da na sani ba su da dalilin yi mini ƙarya, kowa ya ce dattijon bai motsa ba tun hantsi. Ga shi nan kuwa zaune kan buhu yana cin gyaɗa. Na je na tsaya kansa. Shi ya fara magana. Ya ce, "Ban riƙe ka ba, ɗana. Amma lokacin ya wuce, ba a zana shi sau biyu." Ya dubi ƙafata ta dama, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Daga baya na tambayi Inna Kulu, ta ce ita ba ta ɗago kai ba balle ta ga wani, amma ta ji muryar namiji yana cewa a daure, ta zaci ni ne na zauce. Rabi kuwa ba ta tuna komai.

To ga inda abin yake ci mini rai. Yarinyar, Nana, ta girma lafiya lau, kyakkyawa, ga kai, ta yi nisa a hadda, ta san sunan kowa a ƙauyen har da awakin maƙwabta. Ni kaɗai ne ba ta riƙewa. Tun tana ƙarama in na je sai ta ɓuya bayan uwarta, muka ce ƙuruciya ce. Ta yi wayo, na kai mata takalmi, na kai mata 'yan kunne, na goya ta a wuya na zaga da ita kasuwa, mu wuni muna dariya, in na dawo wani mako sai ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi irin na baƙo, ta juya ta ce, "Umma, wane ne?" Rabi ta yi faɗa, ta yi duka, ta yi kuka. An kai ta asibiti a Katsina, an ce ƙwaƙwalwarta garau. An yi ruƙiyya, ba abin da ya yi magana. Hotona na cikin wayar uwarta, ta kan duba ta ce ba ta san shi ba. Kuma tun daga kanta Rabi ba ta sake ko ɓatan wata ba.

Dangin Alhaji har gobe ni suke zargi. Ni da na ɗauko Rabi cikin ruwa, ni da na tona yashi da farce! Ba wanda ya taɓa ce wa Alhaji don me ka kulle mace tana naƙuda, ba wanda ya ce wa dattijon nan ka ji tsoron Allah, har ya bar Kurfi ba a san inda ya nufa ba. Ni dai ban yarda taurari na da iko da ko ƙwayar gero ba, kuma da za a maimaita ranar nan sai na sake shure zanen, da ƙafa biyu ma. Amma abin da na gani na gani, ba ni da fassararsa.

Shawarata gare ku, musamman masu mata da juna biyu: naƙuda in ta zo, a nemi mota, kada a nemi mai lissafi. Kada ku ba kowa lokacin haihuwar 'ya'yanku da wurin don ya buɗa muku abin da Allah Ya rufe, irin mutanen nan in ka kira su sau ɗaya, ba ka san inda za ka sake tarar da su ba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gidan. Nana ce ta amsa sallama, ta zama budurwa, kamar Rabi ta yi kaki ta tofar. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, ta leƙa cikin gida na ji tana cewa, "Umma, kin yi baƙo. Ya ce wai shi kawuna ne."